A Kufan Rumawa Hisham Ya Durƙusa

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Sannunku da haƙurin jirana, masu karatu. Na san da yawanku kun ga bidiyon nan da ke yawo a waya, wanda wani saurayi cikin farar shadda ya durƙusa gaban wata doguwar budurwa, a bayansu ga rusassun ginshiƙai. To, ni ce budurwar. Kafin ku ci gaba da turo min "Allah ya sanya alheri", ku gyara zama ku ji zancen daga bakin mai shi, don wanda ya datse bidiyon nan ya fi tela iya riƙe almakashi.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Mubina Abdurrahim. A Kano aka haife ni. Ina 'yar firamare Baba ya samu aikin koyar da lissafi a jami'a, ya kwaso mu zuwa garin Greensboro a Amurka. Yanzu shekarata ashirin da takwas, ina PhD a engineering, kuma siminti nake bincike a kai. E, siminti. Ku yi dariyarku, Mama ma ta yi tata har ta gaji. Abin da nake son ganewa shi ne yadda tsofaffin Rumawa suka kwaɓa nasu har gininsu ya kai yau a tsaye, mu kuma namu kafin a yaye yaro ya fara tsagewa.

Shi kuwa mai farar shaddar, Hisham ke nan, ɗan Alhaji Uwaisu mai wajen sayar da motoci a Gate City Boulevard. Ya fi shekara yana zuwa gidanmu a Pleasant Garden, duk Lahadi bayan la'asar. Ba zan rage shi ba, Hisham ya haɗu. Ga tsayi, ga tsafta, ga sallah a kan lokaci, ba ya ɗaga murya ko da an ɓata masa. Aibunsa ɗaya ne, amma ya ishi mace tunani. Duk maganar da kika kawo masa, ƙarshenta "bari in ji ta bakin Momi". Har launin motar da zai hau sai mahaifiyar tasa, Hajiya Zahara, ta sa baki.

Da bazarar bana aka ba ni gurbin bincike na shekara guda a Italiya, zan fara a watan Janairu. Ranar da saƙon ya shigo, a parking na makaranta na yi ta tsalle kamar ba ni ba. Lahadin da ta biyo baya muna zaune a barandar baya, na faɗa wa Hisham ba tare da kwana-kwana ba. Ya daɗe yana kallon ciyawar da Baba ya aske, sannan ya ce,

"Ma sha Allah. Bari in yi magana da Momi."

Shi ke nan fa. Ya ci gaba da zuwa, yana kawo kilishi da ice cream, amma zancen Italiya bai sake fitowa daga bakinsa ba. Ni ma na tsuke nawa. Ba ni ce zan bi namiji ina roƙon ya yi ra'ayi ba.

Mama kuwa kamar ta cinye ni ɗanya.

"Ke dai kin fiya baki, Mubina. Wa ya aike ki faɗa masa tun yanzu? Ai sai ki bari a sa rana tukuna."

"Mama, in ɓoye masa ya zama me?"

"Ya zama hankali! Ikram ƙanwar bayanki ce, goyonta na biyu take yi. Ke kina nan kina lailayar siminti kamar birkila."

Na yi dariya na rungume ta ta baya. Ta ture ni da gwiwar hannu tana juya miyar kuka, amma na ga gefen bakinta yana motsi.

Ana haka sai ga taron masu bincike a birnin Rum, a watan Yuli, kuma an sa sunana cikin masu gabatar da takarda. Baba ya ce Allah ya tsare. Mama ta ce ba inda za ni ni kaɗai. Mama ba ta rufe baki ba Anti Bebi ta ce ita za ta raka ni. Anti Bebi ƙanwar Mama ce, atamfa da leshi da turaren wuta take sayarwa a apartment ɗinta. Mace ce da ko Raleigh da ke nan kusa ka ce ta raka ka sai ta tuna da ciwon gwiwarta. Da na yi tunani da kyau, tun daga nan zan gane da lauje cikin naɗi. Amma hankalina yana kan takardata.

Mun sauka Rum muka tarar da zafi. Kun san zafin Greensboro, mai danshi, kamar an lulluɓa maka jiƙaƙƙen bargo. Na Rum ba haka yake ba. Busasshe ne, rana ta dake ka ta sama, duwatsun titi su dake ka ta ƙasa. Anti ta ce rabonta da irinsa tun wata bazara da ta yi a Sakkwato.

Taro ya yi kyau, alhamdulillah. Na yi bayanina, wani tsohon farfesa ya so ya ƙure ni da tambaya, na ba shi amsa har ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Washegari ita ce ranar da na ware don zaga kufan tsohon birnin, ranar da na daɗe ina mafarkinta.

Na fito daga wanka na tarar Anti ta shimfiɗa min wata doguwar riga ruwan zuma a kan gado, wuyanta da hannunta duk duwatsu, da siririn mayafi mahaɗinta. Ban taɓa ganin rigar ba.

"Anti, wannan fa? Kufai za mu, ba dinner ba."

"Hoto za mu yi, 'yar nan. So kike a ce mun zo Turai kin yi hoto kamar mai zuwa gona?"

Ban so musu da safe ba. Na sa rigar, amma na ɗaura sneakers ɗina, na cika gorar ruwa. Ita kuwa Anti, Allah ya ba ku haƙuri. Leshi mai nauyi ruwan goro, ɗaurin kai kamar za ta kamun amarya, sarƙa da awarwaro, ga takalmi mai tsini. Na ce ta canza ko takalmin ne, ta ce ba a haifi dutsen da zai kayar da ita ba.

A Colosseum muka fara, katafaren filin wasan nan mai hawa-hawa. Da na shiga sai da tsigar jikina ta tashi. Na sha ganinsa a littafi, amma tsayawa a cikinsa daban ne. Ina yi wa Anti bayanin yadda dubban mutane ke cika shi don kallon faɗan mutum da namun daji, ta riƙe haɓa.

"Yanzu mutum ya bar sana'arsa ya zo kallon zaki yana cin ɗan'uwansa? Ashe rashin imani ya daɗe a duniya."

Daga nan muka gangara cikin tsohon birnin, inda kasuwarsu da majalisarsu da wuraren bautarsu suke a da. Ginshiƙai a tsaye ba rufi, wasu a kwance an bar su inda suka faɗi, hanya kuma shimfiɗe da manyan baƙaƙen duwatsu da ƙafafu suka goge har suna sheƙi. Ba inuwa sai ɗaiɗaiku. Takalmin Anti sai maƙalewa yake a tsakanin duwatsu.

"Mubina, tsakaninki da Allah, wannan muka ƙetare teku mu gani? Ai a Kano ma idan damina ta yi ƙarfi ana samun irin wannan a cikin gari."

"Anti, sha ruwa." Na nuna mata wani famfo a gefen hanya, irin waɗanda ke zuba ba tsayawa, ruwansu da sanyi kamar daga firji.

"Ruwan titi? Allah ya sawwaƙe. Kuma in sha in nemi banɗaki a ina?"

Na miƙa mata gorata, ta ce jambakinta zai goge. Na ƙyale ta. Na sami wani tsohon bango da fatarsa ta zube, cikinsa ya bayyana, na tsaya na kafa masa ido. Ga ɓaraguzan bulo, ga baƙin dutsen aman wuta, ga ɗigo-ɗigon farar ƙasa, duk abin da nake karantawa a takarda yau ga shi a gabana. Wallahi na manta da rana, na manta da Anti, na manta da rigar da ke soya min wuya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na waiwayo sai na ga Anti ta juya min baya tana raɗa a waya.

Tawa wayar ta yi ƙara. Mama ce.

"Kun fita?"

Wani saƙon ya biyo baya. "Ki gyara mayafinki."

Na duba agogo. A Greensboro ko karin kumallo ba a yi ba. Me ya dami Mama da mayafina da sanyin safiya? Kafin in ba ta amsa Anti ta kamo hannuna.

"Zo mu hau tudun can, an ce hoto ya fi kyau daga sama."

Matar da tun safe take tsine wa duwatsu, ita ce yau ke jana hawan tudu. Rana ta take tsaka. Tana hawa tana haki, hodar fuskarta ta dame, amma ko tsayawa ba ta yi ba. Muka iso wani fili mai shinge a saman tudun, inda kake hango kufan gaba ɗaya a ƙarƙashinka.

A nan na gan shi.

Hisham, cikin farar shadda ɗinkin babbar riga, da hula zanna, gumi ya jiƙa shi har shaddar ta manne a bayansa. A hannunsa ga jajayen furanni da rana ta riga ta yi musu laushi. A gefensa wani Bature da kyamara a kafaɗa. Anti ta ɗaga wayarta sama, sai ga fuskar Mama da ta Hajiya Zahara, kafaɗa da kafaɗa a kan kujerar falonmu, kowacce ta ci ado.

Masu karatu, kun san yadda zuciya ke yi idan abu biyu suka haɗu mata lokaci guda? Ganinsa ya yi min daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a take na gane abin da aka shirya. An tara min uwata da tasa da kyamara da 'yan kallo, don a toshe min bakin cewa komai sai "to".

Ya tako ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya buɗe ɗan akwatin zobe. Masu yawon buɗe ido suka zagaye mu, wasu har sun fara tafi.

"Mubina," ya ce, "will you marry me?"

Na sunkuya na miƙa hannu na kama hannun rigarsa. Daidai nan aka datse bidiyon da kuka gani. Abin da ba ku ji ba shi ne abin da na ce.

"Tashi, Hisham. Dutsen nan da zafi, kuma ba a gaban mutane za mu yi wannan maganar ba."

Ya ɗago ya dube ni. Abin mamaki, ban ga fushi a idonsa ba, sai wani abu kamar wanda aka sauke wa kaya. Bai kai ga miƙewa ba muka ji tim a bayanmu.

Anti Bebi ce a ƙasa. Wayar ta yi gefe, ɗaurin ya karkace, idonta ya juye.

"Innalillahi! Anti!"

Ni da nake ganin kaina jaruma, sai na tsaya ina kallo kawai. Hisham ne ya yi wurgi da furannin, akwatin zoben ya faɗi ya gangara, ko kallonsa bai yi ba. Ya daka wa mai kyamarar tsawa da Turanci ya ce ya kashe ta ya kira ambulance. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba. Ya sunkuya ya ɗauki Anti cak, kuma kun san Anti Bebi ba ƙaramar mace ba ce, ya kai ta gindin wata bishiya.

"Mubina, kwance mata ɗaurin. Cire sarƙar. Ɗaga ƙafafunta ki ɗora a kan jakarki. Yi sauri!"

Na bi umarninsa kamar ɗaliba. Ya tuɓe babbar rigar ya ba wasu mata biyu suka riƙe ta a sama ta zama rumfa. Ya fizgi gorata ya ruga famfo, ya dawo da ita cike, hularsa ma ya jiƙo ta sharkaf. Ya ɗora mata hular a goshi, ya ce in riƙa shafa mata ruwan a wuya da hannuwa, shi kuma yana fifita da takardar taswira yana kiran sunanta. Har masu ɗaukar marasa lafiya suka iso bai tsaya ba. Wata tsohuwa ce ta tsinto akwatin zoben ta kawo masa. Ya cusa a aljihu ko godiyar kirki bai yi ba.

A asibiti suka ce zafi ne da rashin ruwa a jiki. Suka sa mata ƙarin ruwa. Da ta buɗe ido ta gan mu a kanta, kun san abin da ta fara cewa?

"An ɗauka? Ta karɓa?"

Hisham ya juya baya kafaɗarsa na girgiza. Ni kuwa dariya da hawaye suka haɗe min. Na kira Mama na kwantar mata da hankali, don tun da wayar ta faɗi suke ta kira. Da Anti ta samu barci, muka fito muka zauna a kan benci a baranda, shi daga wannan ƙarshen, ni daga wancan. Daga shi sai 'yar ciki, duk ƙura.

"Na gode," na ce. "Yau ka yi min abin da ba zan manta ba. Amma ina da tambaya."

"Na sani."

"Ka yi magana da Momin?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi. Ta ce ba matar ɗanta da za ta tafi wata ƙasa ta shekara. Ta ce in yi miki abin da zai burge ki, in kika ga zobe za ki manta da zancen. Ita da Anti suka tsara komai."

"Kai kuma ka ce to."

"Na ce to." Ya ɗago ya dube ni. "Amma ba don zoben kaɗai na zo ba. So nake in ga abin da ya fi ni a wajenki. Tun shekaranjiya nake gari. Na zaga kufan nan ni kaɗai, wallahi ban ga komai ba sai duwatsu da zafi. Sai ɗazu ina saman tudun ina jiranku, na hango ki tsaye gaban wani bango. Mubina, na fi shekara ina zuwa gidanku, ban taɓa ganin fuskarki haka ba. A nan na san abin da muka shirya ba daidai ba ne. Na rasa yadda zan fasa ne kawai."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ban bari ta narkar da ni ba.

"Hisham, ina ganin girman Hajiya, kuma ba zan taɓa shiga tsakaninka da ita ba. Amma ba ita zan aura ba. Zan tafi a Janairu, in sha Allah, in yi shekarata in dawo. In za ka iya jira, ko a ɗaura kafin in tafi, duk mai yiwuwa ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne in karɓi zoben mutumin da ban san ra'ayinsa ba. Ka riƙe abinka. Ranar da ka faɗi abin da ke ranka da bakinka, a inda ya kamata ka faɗa, ka zo mu yi magana."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Ban taɓa yi mata musu ba," ya ce a hankali.

"Ban ce ka yi mata musu ba. Cewa na yi ka yi mata bayani."

Washegari ya kama hanyar gida. Mu muka ƙara kwana biyu don Anti ta warware. Ranar ƙarshe da sassafe na koma kufan, Anti na biye da ni cikin sneakers ɗina na biyu da malafa, rungume da gorar ruwa kamar jaririya. Duk famfon da muka wuce sai ta tsaya ta cika.

Tun a filin jirgi, da muka sauka gida na kunna waya, saƙonni suka fara zubowa. "Congrats amarya!" "Ma sha Allah, irin na fim!" "Yaushe ne biki?" Ashe an naɗi kiran bidiyon daga falonmu, an datse shi daidai inda na miƙa hannu, an ɗora masa waƙa, an watsa a group ɗin matan Greensboro. Daga nan ya wuce Kano, ya wuce Kaduna, har wata 'yar ajinmu da ke Landan ta turo min shi. Na shiga shagon kayan abinci a Gate City sayen manja, mata biyu suka rangaɗa min guɗa a gaban firjin kifi.

A gida na sami Mama a kicin.

"Mama, kin san ban karɓa ba. Kina kallo."

"Ni wayar ta faɗi, ban ga komai ba."

"Mama."

Ta ajiye ludayi ta juyo. Idonta ya yi ja. "Mubina, duniya ta riga ta gani. Ki rufa mana asiri ki bar shi a haka. Yaron nan mutumin kirki ne, kin ga abin da ya yi wa Bebi. Me kike nema kuma?"

"Shi nake nema, Mama. Shi da kansa."

Ta koma kan tukunyarta. Baba kuwa da na same shi a ɗakin karatunsa na zayyana masa komai, cire tabarau ya yi ya ce, "Ba wanda zai amsa a madadinki. Amma ki yi magana da ladabi."

Ranar Asabar Hajiya Zahara ta aiko cewa tana tafe da yamma ganin "'yarta". Tun safe Mama ta turara gida, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai da sallah. Aka yi sambusa da dambun nama da zoɓo mai abarba. Anti Bebi ta iso da ɗaurinta, ta warke sarai. Ni na sa atamfa shuɗiya ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi, ko hoda ban shafa ba.

Bayan la'asar motar ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya ta shigo da ƙawarta guda, da ledoji na turare da alewa. Hisham ne ya tuƙo su, ya tsaya a mota kamar yadda aka saba. Na kawo faranti na durƙusa na gaishe su.

"Taso nan kusa da ni, 'yata," in ji Hajiya. Ta kama hannuna tana juya shi. "Ina zoben? Ko ya yi miki yawa ne? A kai a rage." Ta dubi Mama tana murmushi. "Ai na faɗa miki, Hajiya, yaran nan sai da dabara. Yanzu ga shi an huta da zancen wata Italiya."

Mama ta kafe ni da ido. Anti ta shiga gyaran awarwaronta. Na zame daga kujerar na koma ƙasa, na tattara mayafina, na sa murya ƙasa-ƙasa yadda aka koya min.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ba na so ki ji daga baya ki ce na rufe ki. Ban karɓi zoben ba tukuna, yana wajensa. Kuma tafiyar tana nan, a Janairu in Allah ya kai mu."

Ƙawar Hajiya ta mayar da sambusar da ta ɗauka. Hajiya ta saki hannuna a hankali, ta ɗauki wayarta.

"Shigo," kawai ta ce.

Hisham ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida su Mama. Ko inda nake bai kalla ba.

"Ka ji abin da yarinyar nan take faɗa? Wai ba ta karɓa ba, wai tafiya za ta yi."

Na ce a raina, to Mubina, yau za ki san matsayinki.

"Na sani, Momi," ya ce. "Gaskiya ta faɗa. Laifina ne da ban gaya miki tun da na dawo ba." Ya ɗago ya dube ta. "Momi, ki yi haƙuri. Na je na ga aikin da take yi, kuma ina so ta je. In ta amince da ni, zan jira ta. Ni zan kai ta airport da kaina."

"Hisham!"

"Ki yafe min, Momi. Ban taɓa roƙonki abu irin wannan ba. Ita nake so, kuma a yadda take."

Anti Bebi ta buɗe baki za ta yi guɗa, Mama ta take mata ƙafa. Ni kuwa kaina na ƙasa, amma Allah ya sani, wani sanyi ne ya ratsa ni tun daga ƙirji har yatsun ƙafa.

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗanta kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta miƙe ta gyara mayafinta, ta rataya jaka. Mama ta tashi da sauri tana "Hajiya, don Allah ki zauna, ko zoɓon ba ki sha ba." Hajiya ta nufi ƙofa. Ledojin turaren dai ba ta ɗauka ba, na lura da wannan, kuma na san mai yanke zumunci ba ya barin tsarabarsa. Hisham ya yunƙura zai bi ta, ta ɗaga masa hannu.

"Zauna inda kake."

Sai da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo, idonta a kaina.

"Ke, Mubina. Taso ki raka ni mota. Ke kaɗai."

Mama ta dafe ƙirji. Hisham ya ɗago a firgice. Ni kuwa na miƙe, na gyara zaman mayafina, na zura takalmi, na yi bismillah na bi bayanta.